Jibo Bakari da darasin ƙuri'a da bindiga: jawabin da aka gabatar a Difa



Yau zancenmu a kan Jibo Bakari yake. An haife shi a Sudure kusa da Yamai a 1922. Ya yi karatu a makarantar William Ponty ta Senegal, ya koyar, sannan ya bar alli ya rungumi ƙungiyoyin ƙwadago da siyasa. Ya zama magajin garin Yamai a 1956, a 1957 kuma ya jagoranci gwamnatin farko ta ƴan ƙasa. Jam'iyyarsa Sawaba, mai alamar raƙumi, ta samu ƙarfinta daga ƙananan ƴan kasuwa, direbobi, leburori da talakawan birane, wato irin mutanen da ke zaune a nan.

Ranar 28 ga Satumba 1958, Janar De Gaulle ya tambayi ƙasashen da Faransa ke mulka ko za su zauna cikin tarayyarta. Jibo ya ce a jefa «a'a», a karɓi ƴanci nan take. Gwamna Colombani da manyan sarakuna suka juya masa baya, «i» ta rinjaya da kusan kashi 78 cikin ɗari. Ya sauka daga mulki, aka haramta Sawaba a 1959, shi kuma ya yi gudun hijira. Da ƙofar ƙuri'a ta rufe, sai Sawaba ta ɗauki makami. A 1964 mayaƙanta suka kutso ta kan iyakoki suna zaton talakawa za su tashi tare da su. Ƙauyuka ba su tashi ba. Aka kama su, aka harbe wasu a bainar jama'a, gidajen kurkuku suka cika.

Irin wannan ta faru a Jamus ƙarni guda kafin nan. Friedrich Hecker lauya ne a Mannheim, ɗan majalisar Baden mai kaifin baki. A 1848 ya nemi taron Frankfurt ya kafa jamhuriya, aka ƙi. Sai ya taso daga Konstanz da ƴan tsirarun mutane yana sa ran manoma za su bi shi dubu-dubu. Ranar 20 ga Afrilu sojoji suka tarwatsa su a Kandern. Ya ƙare rayuwarsa manomi a Amurka, ya rasu a 1881.

Jama'a, darasin biyu ne. Na farko na masu mulki ne: wanda ya toshe bakin ƴan adawa, shi ya nuna musu hanyar daji. Ruwan da aka hana wa magudana, katanga yake ci. Na biyu na masu neman canji ne: tafin da aka yi maka a dandali ba alkawari ba ne cewa za a mutu tare da kai. Mai gona yana da iyali, mai rumfa yana da bashi.

Mu mutanen Difa mun san farashin bindiga. Bayan hare-haren Boso da Difa a Fabrairun 2015, an hana cinikin tattasai da kifi, gonakin bakin Komadugu suka zama kufai, hanyar Damasak ta mutu. Wanda bai taɓa riƙe makami ba shi ya fi biya.

Jibo ya dawo gida a 1974, Kunce ya ɗaure shi a 1975. Bayan taron ƙasa na 1991 ya tsaya takarar shugaban ƙasa a 1993, ya samu ƙuri'u kaɗan, ya karɓi hukuncin jama'a. Ya rasu a Yamai a 1998.

Don haka, ma'aikaci ya riƙe amanar doka ko da wanda ya zo gabansa ɗan adawa ne. Ɗan kasuwa kada ya sayar da ƴancinsa kan turmin atamfa. Allah ya zaunar da ƙasarmu lafiya.