Kafin a saki manhaja, a fara kawo ta Cadakori

 

Maganarmu ta yau a kan manhajojin salula ce, irin waɗanda ake cewa an yi su don manoma ko don mata, alhali ba su taɓa shiga wayar manomi ba sai ranar ƙaddamarwa.

Ko Google ma bai yarda da haka ba. Duk wanda ya buɗe asusu na ƙashin kansa a Play Store bayan 13 ga Nuwamba 2023, ba zai saki manhaja ga kowa da kowa ba sai wasu sun gwada ta kwana 14 a jere. Da farko mutum 20 ake nema, daga baya aka rage zuwa 12. To, me ake yi? A tara abokai 12 a Yamai ko Maraɗi, kowa da babbar waya, ga wuta, ga rezo. Sharaɗi ya cika, amma me aka gano? Ba komai.

Ku kawo ta nan. Ku sa ta a ƙaramar itel da saƙonnin murya suka cika wa ciki, wadda sai an biya kuɗi ake yi mata caji. Ku miƙa wa baiwar Allah da ba ta karanta Faransanci, wadda sai dare take aron wayar maigida. Sannan ku yi shiru. Kada ku nuna mata inda za ta taɓa. Wurin da ta tsaya tana juya waya, nan aikinku yake.

An taɓa yin gwaji na gaskiya a ƙasar nan. A 2010, lokacin ƙarancin abinci, ƙungiyar Concern ta raba jaka 22 kowane wata, har wata biyar, a ƙauyuka 96 na jihar Tawa. Wasu an ba su a hannu, wasu ta Zap na kamfanin Zain tare da waya. Kashi na uku kuwa aka ba su waya, amma kuɗin a hannu. Kun ga dabarar? Don a bambance amfanin wayar da amfanin turo kuɗin. Da haka aka tabbatar cewa masu karɓa ta Zap sun rage tafiya da jiran layi, abincin gidansu kuma ya fi yawan iri.

Sai dai a kula. Cadakori, kamar Garin Kaka da Ɗan Daji Makau, ta sauki 'yan gudun hijira daga Najeriya. Wanda ya gudo wa 'yan bindiga, sunansa da lambarsa da wurin kwanansa ba abin wasa ba ne. Kafin ya taɓa manhajarku, ku faɗa masa da Hausa cewa gwaji ne, tana iya lalacewa, ga abin da take ɗauka, ga ranar da za a goge. In ya ce a'a, shi ke nan. Kuɗin intanet da na caji kuwa, mai manhaja ne zai biya.