Rigar Sanyi a Bakin Komadugu

Duk manomin da ke ban ruwan tattasai da asuba a bakin kogin Komadugu a Diffa cikin Disamba da Janairu ya san darajar rigar sanyi ta saƙa. Wankinta ne ke damuna. In aka tsoma ta a ruwan zafi, aka murɗe ta kamar zane, aka rataya a igiya cikin rana, kafin hunturu ya wuce hannayen sun zazzago, wuya ya saki. Don Allah, ruwan sanyi da sabulu kaɗan sun isa. A matse a hankali, a shimfiɗa kan tabarma a inuwa. In zafi ya shigo Diffa a Maris, a ninke ta a bushe, a sa a akwati nesa da ƙasa saboda gara.