Daga ɗakin gwaji zuwa bakin rijiya: darasin Abdu Mumuni



Batun wannan zama shi ne ilimin fasaha, da abin da ke hana ƙirƙirar ɗalibai fita daga makaranta ta kai ga talakawa. Babu misalin da ya fi dacewa kamar na marigayi Farfesa Abdu Mumuni.

An haife shi a Tasawa a 1929, ya yi karatun kimiyya a Faransa. A 1969 ya karɓi ragamar ONERSOL, wato hukumar binciken makamashin rana da Nijar ta kafa a 1965, ya riƙe ta har 1985. A nan Yamai shi da ma'aikatansa suka ƙera na'urar ɗuma ruwa, da ta tace ruwa ta hanyar tururi, da murhu mai madubi wanda ke tara zafin rana a gindin tukunya. Ya rasu a 1991, aka raɗa wa jami'ar Yamai sunansa a 1992.

Suna ya tabbata, amma murhun bai zama kayan kowane gida ba. Dalilin a fili yake. Murhun rana da tsakar rana yake aiki, alhali tuwon dare sai la'asar ake ɗora shi; kuɗinsa kuma ya fi ƙarfin manomi. Ilimi bai gaza ba, mai saye ne aka rasa. Yau ga shi farantan hasken rana da ke tayar da famfunan karkara daga waje ake shigo da su, galibi daga ƙasar Sin.

Dattawan kasuwa ba su manta da watan Janairu na 1994 ba, lokacin da aka karya darajar kuɗin Sefa da rabi, kayan gyara na waje suka yi tashin gwauron zabo. Ƙasar da ba ta ƙera nata ba, kullum haka za ta kwana.

Makarantu kuwa akwai su: makarantar fasaha ta Ɗan Kasawa a Maraɗi, da EMIG a Yamai, da jami'ar Doso da aka kafa a 2014. Abin da ya rage shi ne aikin da ɗalibi zai kammala karatu da shi ya fito daga bukatar gari. Magajin gari ya miƙa wa makaranta jerin famfunan da suka mutu da injinan niƙa da suka tsaya. Ɗalibi ya tambayi matan da ke jan guga kafin ya zana komai. Ɗan kasuwa ya ɗauki nauyin ƙirar farko, mai walda ya koyi gyaranta, ma'aikacin da ke rubuta odar gwamnati ya fara duba na gida.

Idan an yi haka, yaron Arewa da ya tafi karatu zai dawo da abin da uwarsa za ta mora. Hausawa sun ce ruwa na ƙasa, sai ga wanda bai tona ba.

Allah ya sa a dace. Wassalam.