Kafin Ka Ɗaura Remok a Bayan Motarka

Jawabin magatakarda a taron zagayowar ranar kafa ƙungiya, Widi, Wagadugu

  

Shugaba ya umarce ni in yi magana a kan remok, wato ƙaramar tirelar da ake ɗaurawa bayan Hilux ko bashe ko ƙaramar bas. 'Yan'uwa da yawa sun koma gare ta saboda kuɗin hayar kamiyo ya yi nauyi, kuma ba kullum kayan mutum ke cika babbar mota ba. Sai mutum huɗu ko biyar su haɗa kaya a remok guda: goron wannan, atamfar wancan, albasar Hajiya. Idan ta kife, jarin gida biyar ne ya zube a kwalta, bayan ran direba da yaron mota. Shari'ar wa zai biya kuwa teburin ƙungiya take dawowa.

Abin da ya fi kayar da remok shi ne tangaɗi. Tana tafiya lafiya, sai wutsiyarta ta kaɗa hagu, ta dawo dama, kowane kaɗawa ya fi na baya, har ta ja gindin motar ta juya ta. Abin da ke tayar da shi sananne ne: iskar babbar mota idan ta gifta, guguwar farkon damina, gangara, taya mai ƙarancin iska, da kaucewa rami ko jaki ba shiri. Duk wanda ke bin hanyar Po zuwa Paga, ko ta Kupela zuwa Bitu da Sinkanse inda tankoki da kamiyon Lome ke wucewa dare da rana, yana gamuwa da waɗannan kowace tafiya. Amma su tsokana kawai suke yi. Abin da ke sa remok ta natsu ko ta haukace shi ne ƙarfen da aka haɗa ta da shi, da yadda aka yi lodi, da gudu.

Na farko, inda aka kafa ƙarfen. Wajibi ne a ɗaure shi da kusoshi a jikin shasi, a ramukan da kamfani ya tanada. Ƙwallon da mai walda ya liƙa a jikin bamba ba abin dogara ba ne, domin bamba ba don jan kaya aka yi ta ba. Ƙarfen kirki da ya zo daga Turai yana da ɗan allo a jikinsa mai haruffa biyu. D ƙarfin ja ne, S kuma yawan kilo da aka yarda su danna kan ƙwallon, a ƙananan motoci sau da yawa 75 zuwa 100. Ƙarfen da ba shi da wannan allo, ba wanda ya san iyakarsa. A duba kuma takardar mota a ga nauyin da aka halatta mata ta ja.

Na biyu, girman ƙwallon. A nan ne ya kamata mu yi hattara ƙwarai, domin motocin da ke shigo mana ta tashar Lome da Kwatano wasu na Turai ne, wasu na Amurka da Kanada. Ƙwallon Turai milimita 50 ne. Na Amurka da aka fi gani inci 2 ne, wato milimita 50.8, akwai kuma ƙarami mai inci 1 da 7/8 da babba mai inci 2 da 5/16. Ido ba ya raba 50 da 50.8. Bakin remok na Turai a kan ƙwallon Amurka yakan ƙi kullewa sosai, mutum ya zaci ya zauna. Bakin Amurka a kan ƙwallon Turai kuma yana barin wasa, wasan nan yana cin ƙarfe. Lambar tana rubuce a kan ƙwallon da kuma a bakin remok, a karanta su zama ɗaya. Akwai wani haɗin na ƙugiya da zobe irin na motocin soja da na gona. Yana da ƙarfi, ya dace da hanyar ƙauye da tafiyar hankali, amma zoben yana yawo a cikin ƙugiya, don haka ba shi ne zaɓin mai doguwar tafiya a kwalta ba.

Na uku, na'urorin hana tangaɗi. Iri uku ne. Akwai bakin remok mai matse ƙwallo da wasu faifai irin na birki, kamar na kamfanin AL-KO na Jamus. Shi ba a shafa wa ƙwallonsa giris, kuma sai an kankare fenti, in ba haka ba faifan su lalace. Akwai sandar gefe da ake maƙalawa tsakanin mota da wuyan remok, tana taurara juyawa. Ita ake sassautawa idan hanya ta yi santsi, a cire ta kafin a ja baya a wuri mai ƙunci. Akwai kuma mai sanduna biyu na sifirin, wanda Amurkawa ke amfani da shi wajen jan ɗakunan tafiye-tafiyensu. Yana ɗauke nauyi daga gindin mota ya mayar da wani kaso ga tayoyin gaba, sai sitiyari ya dawo hannu. Wannan na remok mai nauyi ne, ba kowace shasi ke ɗaukarsa ba, kuma yawancinsu ba sa jituwa da birkin remok irin na Turai mai kamawa da kansa idan remok ta tura mota.

Amma, iyayena, babu na'urar da ke gyara mugun lodi. Ƙa'ida ita ce kashi 60 cikin 100 na kaya su zauna gaban aksul, masu nauyi a ƙasa, a ɗaure su kada su gangara baya. Idan buhu 20 ne na shinkafa mai kilo 50, 12 a gaba, 8 a baya, duka a matse kusa da aksul. Nauyin da ke danna ƙwallo, Amurkawa suna neman kashi 10 zuwa 15 na nauyin remok da kayanta, Turawa kuma wajen 5 zuwa 7. Mu da kayanmu ke tashi sama, hanya kuma ga ramuka, gara mu kusanci 10, muddin ba mu wuce lambar S ba. Aunawa ba wuya: a dasa guntun katako a kan sikelin da muke auna albasa, a sauke bakin remok a kansa daidai tsayin ƙwallo. Idan yaro zai iya ɗaga wuyan remok mai kaya da hannu ɗaya, a sauke a sake lodi. Kuma buhu 20 ɗin nan sun riga sun kai tan guda. A dokar Turai, inda aka ƙera yawancin remok ɗinmu, duk wadda ta wuce kilo 750 sai da birkinta.

Kafin a tashi, a ga remok ta kwanta daidai, hancinta bai ɗaga sama ba. A saka sarƙoƙi biyu a gicciye ƙarƙashin wuyanta, domin in haɗi ya kuɓuce su tallafe shi. A duba iskar taya da fitilun baya.

Direbobi, idan tangaɗi ya fara, a ɗaga ƙafa daga totur a hankali, a riƙe sitiyari sak. Kada a danna birki da ƙarfi, kada a bi ta da sitiyari hagu da dama. Maganar tasha cewa a ƙara wuta ta miƙe, ƙarya ce mai kisa, gudu ne abincin tangaɗi. In ta lafa a tsaya a gyara kaya. Wanda ke cikin ayarin motoci kuma kada ya kai kansa gudun da remok ɗinsa ba ta ɗauka. Tafiya sannu sannu kwana nesa.

Roƙona ga Shugaba da 'yan kwamiti guda biyu ne. A saya wa ofis sikeli da ma'aunin ƙwallo daga asusun ƙungiya. Sannan a yanke cewa duk remok da za ta ɗauki kayan haɗaka sai an auna ta an rubuta a littafi, da lambar mota da sunan direba, domin ranar da aka samu asara a san inda za a fara bincike. Takardar CCVA da inshora su ma a nuna su a lokacin.

Allah ya tsare mana hanyoyi, ya zaunar da ƙasashenmu lafiya, ya jiƙan magabatan da suka kafa wannan ƙungiya, ya maimaita mana.