Yadda Ake Haɗa Kwamfutar Tebur da Wi-Fi na Gida

Jawabin da wani malamin yaƙi da jahilci ya yi wa ɗaliban ajin manya daga Talata Mafara, Bakura da Maradun.

 

Kwanakin baya wani dattijo a cikinku ya tare ni da tambaya. Ya sayar da shinkafa ya saya wa ɗansa tsohuwar kwamfuta, irin wadda ake girkewa a kan tebur, don yaron ya saba da ita. Dalilinsa mai kyau ne, domin tun 2015 da kwamfuta ake rubuta jarrabawar JAMB. To, an kawo ta gida, ta kama, amma ta ƙi shiga intanet. Ya ce ko cutarsa aka yi? Na je na duba. Ba a cuce shi ba.

Kwamfutar tana aiki ne da wata babbar manhaja mai suna Linux. Wani ɗalibi ɗan ƙasar Finlan, Linus Torvalds, shi ya fara ta a 1991, ya kuma bar ta a buɗe: kowa ya ɗauka kyauta, wanda ya iya ya gyara. Tana da iri-iri. Akwai Ubuntu, wadda ta fito a 2004, akwai Linux Mint. Masu gyara suna sa ta a tsofaffin kwamfutoci saboda wasu ire-irenta ba su da nauyi, ga shi kuma kamfanin Microsoft ya daina kula da Windows 10 a watan Oktoba na 2025. Kada sunan ya ba ku tsoro. Wayar Android da ke aljihunku ma a kan Linux aka gina ta.

Yanzu ku saurara da kyau. Wi-Fi daban, intanet daban. Dukanmu mun san dam ɗin Bakolori. Ruwa yana fitowa daga dam, ya bi babban kanal, sannan ya shiga ƙaramin lambatu, ya isa fangalinka. Ƙarfen sabis na kamfanin waya shi ne babban kanal. Layin da ka sa wa data, shi ke jawo ruwan zuwa gidanka. Wi-Fi kuwa ƙaramin lambatu ne kawai, daga waya ko ɗan akwatin da ake kira rauta zuwa kwamfuta. In babu ruwa a kanal, ko ka kwana kana gyaran lambatu, fangali ba zai jiƙe ba. Kun tuna watan Satumba na 2021, da aka rufe sabis a duk Jihar Zamfara saboda matsalar tsaro? Mai rauta a lokacin fitilarsa na ci, amma babu abin da ke shigowa. Saboda haka kafin ka zargi kwamfuta, fara duba waya: akwai sabis? Akwai data?

Matsalar dattijon nan wata ce dabam. Yawancin tsofaffin kwamfutocin tebur ba a yi su da abin kama Wi-Fi a ciki ba. Sai an sayo wata 'yar na'ura mai kama da filash, a soka ta a kafar USB. A nan ne kuɗi ke salwanta. Kowace irin wannan na'ura tana bukatar 'yar manhajar da ke tuƙa ta, ana ce mata direba. Wasu direbansu yana cikin Linux tun asali, da ka soka sai aiki. Wasu kuwa sai an ɗauko direban daga intanet, alhali intanet ɗin kake nema! Ni kaina na taɓa sayen irin wannan a wani shago, na biya kuɗin mota zuwa da dawowa, ta zauna a aljihun tebur wata biyu. Don haka ka gaya wa mai shago cewa Linux ce a kwamfutarka. Ku yi sharaɗi a gaban shaida: in ba ta yi ba, za ka dawo da ita.

Akwai wata dabara da ba ta cin ko kwabo. Ɗauki igiyar cajin wayarka, mai iya tura hotuna, ka haɗa wayar da kwamfuta. Shiga saitin waya, ka nemi inda aka rubuta USB tethering, ka kunna. Nan take kwamfutar za ta sha daga datar wayar. Ta wannan hanya muka ɗauko wa ɗan dattijon direbansa.

In na'ura ta kama, saura kaɗan. Duba kusurwar allo ta dama, a sama in Ubuntu ce, a ƙasa in Linux Mint ce. Za ka ga alama kamar mafici. Danna ta, sunaye za su fito, zaɓi na gidanka, ka rubuta kalmar sirri. A nan karatunku zai yi muku rana. Kwamfuta tana bambanta babban baƙi da ƙarami. Harafin O ba sifili ba ne, ƙaramin l kuma ba lamba 1 ba ce. Sau da yawa wanda ya ce Wi-Fi ya ƙi, baƙi ɗaya ya kuskure.

Kalmar sirri kada ta kasa baƙi 8, kuma kada ka sa lambar wayarka ko sunan ɗanka. Yaran unguwa sun fi mu wayo a wannan fage. In ka bar ta a sake, datar wata guda sai ta ƙare a kwana uku, ka rasa wanda za ka kama. Kwamfutar ma tana shan data da kanta wajen sabunta manhajojinta, sai ka sa mai gyara ya saita ta, ta riƙa neman izininka tukuna.

Sai maganar wuri. Katangar ƙasa mai kauri tana rage ƙarfin Wi-Fi, ƙofar ƙarfe ma haka. Kada ka ajiye rauta a zaure, kwamfuta kuma tana can ƙuryar gida. Sa shi a sama, kusa da taga inda sabis ya fi ƙarfi, a ɗaki ɗaya da kwamfutar in da hali.

Mako mai zuwa kowa ya zo da wayarsa da igiyar caji. Za mu gwada a kwamfutar aji, ɗaya bayan ɗaya, mata su fara.