Hawan Jini da Tsatsar Zuciya

 Darasinmu na yau a kan hawan jini ne, wanda muke ce wa tansiyon, da aikin da maganinsa ke yi wa zuciya.

In malamin asibiti ya auna ku ya ce 14 da 9 ko fiye, aka sake awo wata rana aka sami haka, to, jininku ya hau. Sau da yawa ba ciwon kai, ba jiri. Amma zuciya tana wahala kamar jakin da aka yi wa lodi ya wuce kima. Namanta ya yi kauri, ya yi tauri, daga baya ta gaji. Sai kumburin ƙafa, sai haki.

Akwai kuma ɓarna ta biyu wadda ido ba ya gani. Kun san hauyar da aka manta a gona da damina, yadda tsatsa ke cinye ta. Sinadarin da ke cikin iskar da muke shaƙa, wato oksijin, shi ne ke cin ƙarfen. A jikinmu ma, in ana ƙona abinci da shi, yakan bar wani ɓurɓushi mai cin nama. Jiki yana da masu share shi. In ɓurɓushin ya fi ƙarfinsu, sai ya taɓa jijiyoyin jini da naman zuciya. Wannan muke kira tsatsar jiki. Wani sinadari mai suna anjiyotansin yana matse jijiyoyi, jini ya hau, kuma shi ne ke ƙara hura wannan tsatsa.

To, maganin da ake kira captopril yana hana jiki yin wannan sinadari da yawa. An soma ba da shi a Amurka a 1981, kuma, abin mamaki, daga binciken dafin wani maciji na ƙasar Burazil aka gano hanyarsa. Enalapril da ramipril danginsa ne. Suna saukar da jini, suna kuma rage wa zuciya ɓarna.

Wani zai ce, tun da tsatsa ce, me zai hana in sha bitamin kawai? An gwada. A shekarar 2000 likitocin Kanada suka fitar da sakamakon gwajin mutum fiye da 9,000 masu haɗarin ciwon zuciya. A cikin waɗanda suka sha ramipril, toshewar jijiyar zuciya da shanyewar ɓarin jiki da mutuwa sun ragu da kusan kashi ɗaya cikin biyar. Bitamin E kuwa bai rage kome ba. Ku tuna da wannan ranar kasuwa, in mai tallar magani ya ce yana da ƙwayar wanke zuciya.

Sai dai mu baƙar fata, captopril da danginsa su kaɗai ba su cika saukar mana da jini sosai ba. Wani gwaji da aka yi a ƙasashen Afirka 6, har da Najeriya, wanda ya fito a 2019, ya nuna haɗin da ke da amlodipine a ciki ya fi aiki. Saboda haka in likita ya ba ku ƙwaya iri biyu, kada ku zaɓi ɗaya don tsimin kuɗi.

Mata, ku saurara da kyau. Captopril da danginsa ba na mai ciki ba ne, suna cutar da ɗan da ke ciki. Mai ciki tana da nata, kamar methyldopa. Wanda kuma maganin ya sa masa busasshen tari, ya koma gidan likita a canza masa, kada ya bari da kansa.

Ku rage gishiri da dunƙulen miya da kanwa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada gishirin babban mutum ya kai giram 5 a yini, wato ƙaramin cokalin shayi guda. In awo ya sauka zuwa 12 ko 13, aikin ƙwayar ne, a ci gaba da sha. Mutanen Tibiri da Gidan Sori, kafin ƙwaya ta ƙare ku je gidan likita mafi kusa, ku riƙe kwalin maganin a hannu don malamin ya gani.