Yadda na koya wa Duna ya daina haukacewa idan ya ga wani kare

Yau maganar kare za mu yi. Na san wani zai ce, kai malam, duk abin da ke damun mutane sai zancen kare? To a ɗan yi haƙuri a saurara, don na san da yawanku akwai karen gadi a gida, kuma wasunku ko fita da shi ba ku iya yi saboda abin da yake yi in ya hango ɗan'uwansa.

Ina da kare, sunansa Duna. Baƙi ne, irin namu na gida, shekararsa biyu lokacin da abin ya faru. A cikin gida ba shi da matsala ko kaɗan, yara ma hawa kansa suke yi. Amma da an fita da shi ya hango wani kare, shi ke nan. Haushi, gurnani, tsalle, yana jan igiya kamar zai tsinka ta.

Wata rana da safe ƙanina, ɗan shekara 12, ya fita da shi. Sai ga karen maƙwabcinmu ya ɓullo daga kwana. Duna ya fizge, ya ja yaron ya faɗi a bakin kwata, gwiwa da gwiwar hannu duk suka ƙuje. Karnukan suka kama faɗa, kunnen na maƙwabci ya yage. Da yamma Alhaji ya zo ya samu Baba a ƙofar gida. Ban ji duk abin da suka ce ba, amma da ya tafi Baba ya kira ni ya ce, "Kai ka kawo karen nan, kai za ka san yadda za ka yi da shi. Na ba ka wata biyu. In bai gyaru ba, ka nemi wanda za ka bai wa."

To abin da na fara yi shi ne abin da kowa ke yi: duka. In ya yi haushi in fizgi igiya, in daka masa tsawa, wani lokaci har da bulala. Sati biyu ina haka, wallahi abin sai gaba yake yi. Da can sai kare ya matso kusa yake tashi, yanzu tun daga ƙarshen layi ya fara.

Sai na kai shi wurin likitan dabbobi, don a duba ko wani ciwo ne ke sa shi faɗa, tunda kare mai ciwon kunne ko na ƙafa yakan zama mafaɗaci. Lafiyarsa ƙalau. Amma likitan ya tambaye ni, "Ka taɓa lura da jikinsa kafin ya fara haushin?" Na ce a'a. Ya ce in je in lura. Da na lura sai na ga kunnuwa sun koma baya, yana lashe baki, yana hamma alhali ba barci yake ji ba, jiki ya sandare, gashin baya ya miƙe. Duk wannan kafin haushi. Ashe tsoro yake ji. Kare da ke ɗaure da igiya ba shi da hanyar gudu, don haka abin da ya rage masa shi ne ya yi hayaniya ya kori abin da ke tsorata shi. Kuma a ganinsa dabarar tana aiki, don duk lokacin da ya yi haushi, ɗayan karen yana wucewa ya tafi.

Yanzu ku duba abin da dukana ya ƙara masa. Ya ga kare, ya ji tsoro, sai kuma ga bulala. Me ya koya? Ya koyi cewa ganin kare yana kawo zafi. Kun ga ni da hannuna na ƙara wa wutar fetur.

Akwai wani masani ɗan Rasha, Ivan Pavlov, wanda ya samu kyautar Nobel a 1904. Shi ne ya nuna cewa in ana yin wata ƙara kafin a ba kare abinci, aka yi ta maimaitawa, to daga baya ƙarar kaɗai tana sa yawun karen ya zubo. Wato ƙwaƙwalwar kare tana haɗa abu biyu da suke zuwa tare. Wannan shi ne tushen duk abin da na yi daga baya. In ganin kare zai iya haɗuwa da bulala a kansa, to zai iya haɗuwa da nama.

Kuma bari in taɓo wata magana da ake yawan yaɗawa a bidiyoyi, wai dole ka danne karenka ka nuna masa kai ne shugaba, don haka kyarketai suke yi. Wannan ra'ayi ya samo asali ne daga nazarin da Rudolf Schenkel ya wallafa a 1947, a kan kyarketan da ke tsare a gidan namun daji na Basel a Suwizalan. David Mech, masanin kyarketai ɗan Amurka da littafinsa na 1970 ya yaɗa ra'ayin, shi da kansa ya dawo a 1999 ya bayyana cewa a daji garken kyarketai iyali ne, uwa da uba da 'ya'yansu. Don haka ku daina kayar da kare ƙasa kuna danne shi, cizo kawai kuke nema.

To ga yadda na yi, daki-daki.

Na farko, na nemi nisan da Duna zai ga kare amma bai tashi ba. Kowane kare yana da nasa. Na Duna kusan tsawon rabin filin ƙwallo ne. Yadda za ka gane kana daidai shi ne, in ka miƙa masa nama zai karɓa, in ka kira sunansa zai waiwayo. In ya ƙi nama, ka matsa kusa da yawa, ka ja baya.

Na biyu, lada. Ba tuwon da ya kwana ba, abin da yake mutuwar so. Ni hanta nake dafawa ba gishiri, in yanka ƙanana kamar ƙwayar wake, in zuba a leda a aljihu. Kada ku yi amfani da tsire ko kilishi, saboda yaji, kuma albasa da tafarnuwa suna cutar da jinin kare. Kuma nakan fita da shi kafin ya ci abincin safe.

Na uku, lokacin bayarwa, kuma nan ne mutane suke kuskure. Sai ya ga karen tukuna, sannan nama ya biyo baya nan take. Na roƙi wani abokina mai kare tsohuwa, mai sanyin hali, ya riƙa tsayawa da ita can nesa a filin makaranta bayan an tashi. Duna ya kalle ta, in ce "yawwa", in ba shi hanta. Ya sake kallo, "yawwa", hanta. In abokina ya ɓoye da ita bayan aji, hanta ta tsaya. Minti biyar zuwa goma kawai, mu koma gida.

A rana ta shida wani abu ya faru da ba zan manta ba. Duna ya hango karyar, sai ya juyo ya kalle ni da kansa, yana kaɗa jela, kamar yana cewa, ga ta can, ina nawa? Na san mun kama hanya.

Daga nan na riƙa rage nisan, taku biyu ko uku a rana, ba fiye ba. Kuma igiya a sake. Wannan yana da muhimmanci, don in ka ɗaure hannu ka ja igiya da ka hango kare, shi ma yana ji a wuyansa, ya san hankalinka ya tashi, nasa ma sai ya tashi.

Na kuma koya masa juyawa. A cikin gida, ba kare ba komai, in ce "mu tafi", in juya baya da sauri, ya biyo ni, in ba shi nama. Amfaninsa shi ne unguwanninmu cike suke da karnukan da ba igiya. In ɗaya ya ɓullo kwatsam, ba tsayawa za ka yi ba, "mu tafi" kawai, ka sa mota ko katanga tsakaninku.

Kada ku ɗauka komai ya tafi sumul. A sati na huɗu na yi gaggawa, na matsa kusa sosai don ina ƙirga kwanakin da Baba ya ba ni. Duna ya fashe da haushi kamar ranar farko. Ranar har na ce na haƙura. Amma washegari na koma nisan da muke a sati na biyu, cikin kwana uku muka dawo inda muka tsaya.

Mataki na ƙarshe shi ne tafiya a jere. Ni da Duna a wannan gefen hanya, abokina da karyarsa a ɗaya gefen, duk muna fuskantar gaba. Karnuka ba sa son a haɗa su gaba da gaba, ido cikin ido, a wurinsu wannan neman faɗa ne. In kun lura da karnukan da suka saba, ta gefe suke zagayowa su sansana juna. Da ranar gaisawa ta zo, daƙiƙa uku kawai na bari, na kira shi, na ba shi nama.

Ranar da wata biyu suka cika, na ce wa Baba ya tsaya a ƙofar gida. Karen Alhaji yana kwance a ƙofarsu. Muka wuce ta ɗaya gefen, Duna ya kalle shi, ya kalle ni, muka wuce. Baba bai ce komai ba, sai da dare ya ce wa ƙanina ya kai wa karen ƙashin da ya rage. Har yau Duna ba abokin kowane kare ba ne, kuma ban bar yara su fita da shi su kaɗai ba. Ni dai abin da nake nema ya wuce lafiya, kuma yana wucewa.

Kafin mu rufe, abu biyu. In ɗan kwikwiyo gare ka, kai ka fi kowa sa'a, don daga sati 3 zuwa kusan sati 14 ne kare ya fi saurin sabo da sabbin abubuwa. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Ka haɗa shi da karnuka masu hankali waɗanda ka san an yi musu rigakafi, ba na kan bola ba. In kuma karenka ya taɓa cizo da gaske, ka saba masa da takunkumi kafin ka fara, ka kuma nemi likitan dabbobi.

Na biyu, allurar ciwon haukan kare. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce har kashi 99 cikin ɗari na mutanen da ke kamuwa da cutar daga kare suke samu, kuma da alamomi sun bayyana kusan ba a tsira. In kare ya ciji mutum, a wanke wurin da ruwa da sabulu na minti 15, a garzaya asibiti ranar, kada a jira. Ku yi wa karnukanku allura, tun kafin maganar horo.

Nan za mu dakata a yau. Wanda ya gwada, ya ba mu labarin nisan da karensa ya fara da shi. Sai mun haɗu a shiri na gaba, a huta lafiya.